Murfin Randar Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga goggona, a can na girma, in na zo gida baƙuwa ce ni mai gaisuwa daga bakin ƙofa. Idan Inna tana da magana da ni, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A gaya wa waccan ta ɗauke takalminta daga hanya." In babu kowa a tsakar gidan, kyanwa take gaya wa. Na haura arba'in, ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar fasaha, ƙartin maza na gyara zama in na shiga aji, amma a gidanmu na Ƙofar Gayan har gobe ni waccan ce. Abin bai taɓa damuna ba sai da tsufa ya zo mata.

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta zauna ita kaɗai a gidan, sai wata mata 'yar ƙauye da ke haya a ɗakin waje, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wata rana Inna ta zame a bayi tun da hantsi, ta kasa tashi, ba wanda ya sani sai da mai ƙuli ta dawo daga kasuwa bayan azahar. Ƙanena da ke bi na, wanda yake aiki a Abuja, ya taso a fusace. Ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa, ga fanka, ga mai yi mata aiki, ga asibiti kusa. Inna ta ce daga ɗakin nan sai kushewa. Aka kira Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zo ya raba gardama.

A gaban Baffa na ce a ba ni wata guda. Na ce zan haɗa wani abu da zai riƙa gaya mini kullum cewa Inna ta tashi lafiya, ba tare da ta buɗe baki ta yi mini magana ba. Don matsalar ke nan. Inna tana da waya, amma in ta ga ni ce ke kira sai ta miƙa wa mai ƙuli, in kuwa babu kowa ta bar ta ta yi ta kuka a cikin kwalla. Ko da ciwo zai kashe ta ba za ta ɗaga waya ta kira 'yar fari ba. Kyamara kuwa da ƙanena ya ambata, cewa ta yi ba a haifi wanda zai kafa mata ido a ɗaki ba.

Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai wasan yara ne. Ran uwa za a ɗora a kan irin abin da ɗalibanki ke haɗawa?"

Na ce masa ɗalibaina a wurina suka koya. Baffa ya shafa gemu ya yanke hukunci: a bar Inna a ɗakinta, a gwada abin nawa, amma duk ranar da ta sake faɗuwa har ta kwana ba wanda ya sani, magana ta ƙare, a ɗauke ta. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana tsince wake, ba ta ɗago ba, amma na san babu kalmar da ta wuce ta.

Abin da na haɗa bai fi kwalin ashana biyu ba. Ƙaramin allon lantarki ne mai 'yar ƙwaƙwalwa, da rediyo, da wani ɗan abu mai jin motsi, da mai auna zafi, da batir biyu irin na tocila. Sirrin irin waɗannan na'urori barci ne. Waya tana shan caji don kullum kunnenta a buɗe yake. Tawa kuwa barci take yi, sau ɗaya a awa ta farka ta faɗi maganar da ba ta cika layi ba: ni ce, batirina kaza, zafi kaza, an ɗaga ni sau kaza. Sai ta kasa kunne na ɗan ƙiftawar ido ko akwai saƙo, ta koma barcinta. Da haka batir ke kai shekara. Ba a kiranta. In kana da magana da ita, ajiyewa za ka yi a layi, ta karɓa in ta farka.

Mai karɓar saƙon a saman gidana na kafa shi, a Tukur-Tukur: eriya a kan dogon bututun ƙarfe, da 'yar sola, da layin waya da ke tura duk abin da eriyar ta ji zuwa intanet, daga nan ya faɗo wayata. Ni na hau tsani na ɗaure da hannuna, maigidana yana riƙe da tsanin yana karanto duk addu'ar da ya sani, maƙwabta suna leƙe. Na san abin da suka ce a kan matar aure a saman kwano, ban kuma fasa ba.

Gidanmu ne ya ba ni wahala. Ginin ƙasa ne na tun kakanni, kaurin bangon ɗakin Inna ya kai kamu biyu. Na shiga da na'urar ɗakin, sigina ta kusa mutuwa, saƙo ɗaya ya isa, biyu su ɓace. Na fito tsakar gida, ta dawo garau. Ina tsaye ina tunani sai idona ya faɗa kan randar Inna, wadda ke binne rabi cikin yashi a gindin bango, da murfinta na katako da moɗa a kai. Inna ba ta shan ruwan firji, na leda kuwa cewa take wari yake mata. A randar nan take ɗiban na alwala, da na sha, da na girki, da na kaji. Muddin tana kan ƙafarta, sai ta ɗaga murfin nan. Na sa na'urar a cikin robar man shafawa, na kafe ta da ƙusa a saman murfin.

Ban ɓoye mata ba. Na tsaya na yi wa mai ƙuli bayani dalla-dalla da murya mai ƙarfi, cewa duk sanda aka ɗaga murfin zan gani a wayata, in kuma gari ya waye ban gani ba zan taho. Mai ƙuli tana ta gyaɗa kai kamar da ita nake. Da na gama sai Inna ta ce, "A tambaye ta, ba zai ɓata wa ruwan ɗanɗano ba?"

Na ce wa mai ƙuli ba zai ɓata ba.

Wata biyar abin yana tafiya kamar agogo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na yi alfahari. Kullum da safe sai na ɗauki hoton fuskar wayata na tura wa ƙanena, ba na ƙara ko kalma. Abin da ban zata ba shi ne a nan na fara sanin uwata. Ban taɓa kwana bakwai a jere a gidanta ba, ga shi yanzu na san tana riga ladan tashi, na san tsakanin hantsi da azahar takan buɗe randar fiye da sau goma, na san ranar Juma'a wanki take yi, Litinin da Alhamis kuma azumi, don murfin kan huta har magariba in ban da alwala. Ina ganin zafin tsakar gidanmu yana hawa da rana, in hadari ya taso ya faɗi. Ina cikin aji sai in leƙa waya in ce a raina, Inna ta ɗora tukunya.

Wata Talata a tsakiyar damina na lura sigina ta yi rauni. Kowane saƙo yana zuwa da lambar da ke nuna ƙarfin da ya iso da shi, na Inna kuwa ya faɗi warwas, wasu saƙonnin ma ba su iso ba. Amma waɗanda suka iso sun ce an ɗaga murfi da asuba, an ɗaga da azahar, an ɗaga da la'asar. Sai hankalina ya kwanta na ɗora laifin a kan ruwan sama da aka yi ta yi. Da yamma na hau tsani na duba eriya, na kwance wayoyin na goge na mayar. Na sauko ina yaba kaina. Wannan yinin da na ɓatar har yau yana ci mini rai.

Laraba da safe sigina ba ta gyaru ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na zauna a ofishin malamai na buɗe kwamfuta na bi abin a tsanake. Akwai wata na'urar da ɗalibaina suka ɗora a kan tankin ruwa a Ƙofar Galadima, ita ma ta eriyata take bi. Na duba tata, ƙarfinta bai ragu ko kaɗan ba. Ke nan laifin ba na eriya ba ne, ba na ruwan sama ba. Na duba batirin Inna, cike yake. Na duba zafi, sai na ga tun yammacin Litinin ya miƙe sambal, ba hawa da rana, ba sauka da hadari. Tsakar gida ba ta yin haka. Ɗakin ƙasa ne ke riƙe zafi ɗaya dare da rana. Sannan na ƙirga ɗaga murfin: sau biyar a yini, ɗaya-ɗaya, kowanne daidai kiran salla. Ina girki? Ina kaji? Ranar Talata ba ta azumi.

Duk da haka ina so in tabbata. Na'urar tana iya faɗin yadda take, a kwance ko a tsaye, sai dai na cire wannan daga saƙonta na kullum don tattalin batir. Na rubuta mata umarni: ki riƙa farkawa duk minti biyar, ki kuma faɗi yadda kike. Na ajiye a layi. Saura minti ashirin da wani abu ta farka, kuma da irin raunin siginar ba lallai ta ji ni ba. Ni da kaina na koya mata wannan barcin, ranar kuwa kamar in shaƙe ta. Na buga wa mai ƙuli, wayarta a kashe. Na buga ta Inna duk da na sani, ta yi ta ƙara har ta gaji. Wani malami ya shigo yana mini maganar jadawalin jarrabawa, ban san me na amsa masa ba.

Ta farka, ta karɓa. Bayan minti biyar amsa ta zo: a tsaye take, ta ɗan jingina. Murfin da ke kan randa ba ya tsayuwa.

Na bar kwamfutar a buɗe na fita na tari adaidaita sahu. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba. Ɗakin mai ƙuli da kwaɗo, daga baya na ji tun Lahadi ta tafi ƙauye suna. Randar tana nan, an kifa mata tsohon faranti. Kaji suka taso mini da gudu, alamar yunwa. Na ɗaga labulen ɗakin Inna, na same ta kwance a gado, ƙafarta ta hagu ta kumbura kamar tulu, leɓenta ya bushe. Ga buta a ƙasa, ga ƙwaryar fura da ta yi tsami. Murfin randar kuwa yana jingine da ƙafar gado, daidai inda hannunta zai kai.

Ranar na manta da kunya. Na ce, "Inna! Me kika yi haka? Tun yaushe?"

Ta juya fuska ga bango. Can ta ce, ba da ni ba, da kyanwar da ke kwance a ƙarshen gadon, "Kada a buga wa na Abuja."

A asibiti na ji sauran labarin, tana ba ma'aikaciyar jinya ina tsaye a bayan labule. Litinin bayan la'asar ta taka gansakuka a bakin magudana ta zame. Ba ɗaki ta fara nufa ba. Da gwiwa da hannu ta ja jiki har wurin randa, ta sauke murfin, ta kifa faranti don kada ƙura ta faɗa ruwan, sannan ta riƙa tura murfin a gabanta tana binsa har ta kai gado. Duk sanda ta ji ladan sai ta miƙa hannu ta karkata shi ta mayar. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta saurari bayanina sau ɗaya, ta gane abin da na'urar ke ji da abin da ba ta ji. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ƙashin idon sawu ne ya tsage, aka ɗaure da filasta, aka ƙara mata ruwa.

Zan iya yin shiru. Ƙanena ba ya zuwa sai salla, Baffa bai iya karanta saƙon na'ura ba, kuma a rubuce babu ranar da murfi bai motsa ba. Na tsaya a barandar asibitin na juya abin a raina. Amma ni na tsaya a gaban mutane na ce a yarda da ni. Na danna lambar ƙanena na gaya masa komai, har da yinin da na ɓata a kan tsani.

Asabar ya iso. Aka shimfiɗa wa Baffa tabarma a tsakar gida, Inna tana bakin ƙofarta ƙafa a miƙe kan matashi. Na zaci ƙanena zai yi mini gori, sai na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, kwana biyu. Kwana biyu tana kwance kina turo mini hoto." Gaskiya ya faɗa. Ya juya ga Baffa ya ce sharaɗi ya cika, mota tana waje, kuma kowa ya ga Inna za ta iya kashe kanta don kawai kada a raba ta da wannan ɗakin.

Baffa ya dubi Inna ya ce, "Hajiya, ke ma da girmanki. Ɗaki ya fi ranki ne?"

Inna ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Malam, ba don ɗaki ba ne. Yarinya ta tashi a gaban maza ta ce abinta zai yi aiki, aka ce mata wasan yara. Ta hau kwano da kanta gari na kallo. In aka ce na faɗi a hannunta, ita za a yi wa dariya. Na ce bari in lallaɓa kafin mai ƙuli ta dawo, ƙafar ta sauka, ba wanda ya ji."

Shekara arba'in da ɗoriya ban san ko tana kallona ba, ashe har hawa kwanon an kai mata labari ta adana. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanena, ban ma yi ƙoƙarin sharewa ba.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce duk da haka magana magana ce, shi ya yanke ta, ba zai lashe ba. Inna ta ce, "Ban ce a lashe ba. A tambayi waccan. In ta ce in tafi, a ɗauko mini mayafina."

Duka suka juyo gare ni. Na san abin da ya fi sauƙi. In ta tafi Abuja zan yi barci da ido biyu rufe, ba mai sake ɗora mini laifi. Na kuma san watanni nawa za ta yi a ɗaki mai fanka, ba randa, ba kaji, ba maƙwabtan da ta binne iyayensu, kafin ta bi mahaifinmu. Na share fuska na ce ba za ta tafi ba. Na ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, tun daren farko ta faɗi gaskiya, ni ce na yi jinkirin ji. Zan kafa wata a jikin ƙyauren ɗaki da wata a ƙofar bayi, da ƙusoshin da ba a cirewa. Zan sa wayata ta yi ƙara da kanta duk sanda sigina ta faɗi ko motsi ya ragu, ba sai na duba ba. Kuma kullum kafin in tafi makaranta zan biyo ta Ƙofar Gayan in ga Inna da idona, ko za ta yi mini magana ko ba za ta yi ba.

Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, in wani abu ya same ta a gidan nan, ke ce."

Na ce, "Ni ce."

Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Ƙanena ya tashi ya durƙusa gaban Inna ya daɗe, ta dafa kansa. Bayan la'asar na raka shi zaure, na tsaya ina kallon motar tana lallaɓawa cikin lungu, kujerar baya da ya shimfiɗa wa bargo da matashi ba kowa a kai. Sai da ta sha kwana sannan na zauna a dakalin zauren.